Taku Saba'in da Uku

A kantin Orval Pruitt, bayan gadar jirgin ƙasa a Joplin,
bindigogi na kwance cikin gilashi
kamar kifi a kan ƙanƙara,
kowacce da 'yar takardar farashi a wuya.

Na ce masa: sunana Lorene, shekarata hamsin da takwas.
Ni ke rufe kantin magani da sha ɗayan dare.
Daga ƙofar baya zuwa motata taku saba'in da uku ne.
Tun Nuwamba nake ƙirgawa,
tun daren da wani ya ɓullo ta bayan tankin shara
ya damƙi hannun jakata.
Kalma ɗaya ya furta: saki.
Na saki.

Orval bai ce min sannu ba.
Ya ce, miƙo hannunki.
Ya juya shi ciki da bai,
ya ga yadda sanyin ƙashi ya karkace min manuniya.

Ta farko 'yar mitsitsiya ce, tafina ya haɗiye ta.
Na ce, wannan.
Ya yi dariya ta hanci, ya ce barkono ma ƙarami ne.
A ɗakin gwaji, da toshe a kunne,
na ja kunama,
ta shure ni kafin ta taɓa takarda.
Harsashi biyar, uku sun tafi yawonsu.

Ta biyu ta ƙi ni tun kafin gaisuwa.
Sai an ja ƙarfen samanta baya take ɗaukar harsashi,
yatsuna suka ce a kai kasuwa.

Ta uku mummuna ce, mai gajeren hanci,
mai ganga da ke juyawa, gida biyar,
ƙarfe zalla, nauyin gwangwani biyu na wake.
Babu abin ja, babu maɓallin mantuwa.
Ta zauna a hannuna ba tare da ta yi min alkawari ba,
abin da ya sa na yarda da ita ke nan.

'Yarsa Twyla ta ja ni bayan labule
ta ɗaura min kube a ƙugu, ta sake min riga a kai.
Zauna. Tashi. Sunkuya kamar mai ɗaure takalmi.
Ta ce, duk wadda ta matse ki, a aljihun tebur za ta kwana,
kuma aljihun tebur ba ya raka kowa mota.
Na duba madubi:
wata tsohuwa sanye da rigar sanyi mai ruwan toka,
ba wanda zai ba ta hanya, ba wanda zai yi zato.

Na cike takarda, na amsa a'a, a'a, a'a.
Orval na ƙirga canji ya ce, ba tare da ya ɗago ba,
ƙarfe nake sayarwa, ba barci ba.
Ki zo gwaji kowace Asabar,
ki kuma roƙi Allah ki tsufa ba ki zare ta ba.

Ran Lahadi jikata Maribeth ta sheƙo daga mota
ta rungume ni iya tsayinta,
goshinta ya bugi abin.
Ta ja baya tana murza wurin:
Kaka, ƙashinki ne ya fito?

Na shiga ɗaki na kulle ta a akwatin ƙarfe,
na rataya makullin a wuya.
Sanyinsa ya daɗe a ƙirjina bai ɗumama ba.
Muka ci wainar masara, muka yi wasan karta,
na bari ta cinye ni sau biyu.

Litinin da dare na kashe fitilun kanti.
Dusar ƙanƙara ta rufe layukan filin ajiye motoci.
Nauyin na nan a ƙuguna, yana tafiya idan na tafi.
Ba kowa bayan tankin shara sai kyanwa.
Duk da haka bakina bai daina ba:
saba'in da ɗaya,
saba'in da biyu.